Wane bakin teku zan kai iyali a Ghana?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. Shekara uku ke nan ina yi wa uwargida alkawarin zan kai ta ta ga teku da idonta, bana dai ta tsare ni, ta ce ko a cika ko a daina faɗa. Mun tsayar da Ghana, don ina da ɗan kawu a Accra da zai sauke mu. Mu huɗu ne, da yara biyu, mai shekara tara da mai shida, kuma kwana bakwai muke da su a hutun Disamba. Ina son wurin da yara za su shiga ruwa hankalina a kwance, wurin da matar aure za ta zauna da hijabinta ba a mai da ita abin kallo ba, ni kuma in da hali in gwada abin nan da ake hawa igiyar ruwa a kan allo. Kar wanda ya yi dariya.

Ɗan Nima: Wa alaikumus salam Alhaji, lale marhabin tun kafin ka iso. Ba sai ka wahalar da kanka ba, ga bakin tekun Labadi nan cikin garin Accra. Daga unguwarmu Nima in babu cunkoso ba ka rabin awa. Ka biya kuɗin ƙofa ka shiga, ga dawakai yara su hau, ga masu tsire, ga ɗanyar kwakwa a sare maka kanta a gabanka ka sha. Mu nan muka tashi, washegarin salla rabin samarin zango can suke yini.

Hajiya Mai Koko: Ɗan Nima ka ji tsoron Allah. Bawan Allah ya ce maka iyali, ka tura shi Labadi, a Disamba kuma? Tun 2019 da gwamnati ta yi shekarar kiran baƙaƙen fatar Amurka da sauran ƙasashe su dawo gida, Disambar Accra ta zama wani abu daban. Masauki ya yi tsada, hanya ta cushe, bakin ruwan kuma kiɗa ne ta ko'ina, kowace rumfa da tata lasifikar, ga kwalabe a kan tebura. Matarsa ba za ta yi minti goma ba za ta ce a tashi.

Ɗan Nima: Hajiya ai ban ce ya je ran Lahadi da yamma ba. Ya je Litinin da hantsi ya gani, daga shi sai masu shara da dawakai suna hutawa.

Hajiya Mai Koko: To ka faɗi haka tun farko mana.

Tsohon Direba: Ni dai na yi shekara goma sha ina ɗauko goro, hanyar Ikko zuwa Ankara kamar tafin hannuna take. In ta ƙasa za ka bi, iyaka uku ce a gabanka: Seme ka shiga Binin, ka wuce Kwatano, ka shiga Togo, ka ratsa Lome, ka faɗa Ghana ta Aflao. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, amma ka riƙe fasfo ɗinku da katin rigakafin shawara na kowa, har yaran. Da ƙananan yara dai in aljihu zai ɗauka ka hau jirgi, shingayen hanyar nan suna cin rai. Kuma ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya.

Bintun Maraɗi: Baba wace Ankara kuma? Ba Turkiyya take ba?

Tsohon Direba: 'Yata, tun kafin ki san akwai Turkiyya a duniya fataken Hausa Ankara suke kiran Accra. Ikko kuma ita ce Legas, kafin ki sake tambaya.

Ɗan Kabawa: Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne wannan tsoron ruwa da ake ta yi. Mu a Argungu yaro bai iya tsarki ba ya iya iyo. Na sha faɗawa Matan Fada da gora da homa cikin dubban mutane na fito lafiya. Ruwa ai ruwa ne. Baban Ummi in ka iya ninƙaya ko a kududdufin unguwarku ne, ka shiga abinka.

Abban Walid: Ɗan Kabawa, don girman Allah ka janye wannan maganar kar ka jawo wa wani. Ni ma haka na ce. Na tashi kusa da madatsar Tiga, ina ganin babu ruwan da zai ba ni tsoro. Shekarun baya muka je Kokrobite ni da abokai biyu, wajen kilomita 30 yamma da Accra. Wallahi ruwan iya cinyata yake, ina tsaye ina yi wa abokina alama ya ɗauke ni hoto. Igiya ta zo ta wuce, ba komai. Da za ta koma sai na ji yashin da nake takawa yana zarewa daga ƙarƙashin ƙafata kamar ana jan tabarma. Kafin in gyara tsayuwa ta biyu ta buge ni, na kurɓi ruwan gishiri ta hanci. Da na ɗago sai na ga mutanen bakin gaɓa sun ƙanƙance. Na dage ina iyo zuwa gaɓa da duk ƙarfina, ina ganin bishiyar kwakwa ɗaya a gabana, ba ta matsowa ko taku ɗaya. Hannuwana suka mutu. Na fara kalmar shahada. Wani yaron masunta da bai fi shekara sha biyar ba shi ya iso ni da guntun allo, ya tura mini, yana ta nuna mini gefe da hannu, ba gaɓa ba. Muka yi gefe kaɗan, sai ga igiya da kanta ta kwaso mu ta zubar a yashi. Na yi amai har sau uku. Abokina kuwa yana nan riƙe da waya, wai ya ɗauka wasa nake.

Ɗan Kabawa: Subhanallahi. Allah Ya ƙara kiyayewa. Amma wannan ai ƙaddara ce, ko a gulbi tana faruwa.

Ɗalibin Cape Coast: Ƙaddara ce, amma tana da dalili, kuma ba irin na gulbi ba ne. Gulbi ka san inda ya nufa. A teku igiyoyi suna ta tara ruwa a bakin gaɓa, dole ruwan nan ya nemi hanyar komawa, sai ya sami wani ɗan kwari tsakanin tudun yashin da ke ƙarƙashi ya bi ta nan da gudu, kamar lambatu bayan ruwan sama. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne daidai wurin ya fi ko'ina kyan gani. Babu kumfa, igiya ba ta fashewa, ruwan ya ɗan fi duhu, sai ka ce yawwa ga inda ya lafa, bari in sa yara a nan. Nan ne bakin ramin. Ba ya jan mutum ƙasa, waje yake fitar da shi, gajiya da firgita su ke kashewa. In ya kama ka kar ka yi kokawa da shi, ka yi iyo a gicciye, gaɓa tana gefenka, har ka fita daga zirin, don yawanci ba shi da faɗi sosai. In ka gaji ka kwanta rigingine ka ɗaga hannu. Abin da yaron nan yake nuna wa Abban Walid ke nan. Kuma gaɓar Ghana ta haura kilomita 500, mafi yawanta a buɗe take ga Atilantika, babu masu ceto sai a ɗaiɗaikun wurare.

Ɗan Kabawa: To mu a gulbi ma ba a gaba da ruwa, a karkace ake yanka shi. Ashe ilimin ɗaya ne.

Abban Walid: Yanzu ka zo hanya.

Baban Ummi: Jama'a kun fa tsorata ni. Uwargida na karantawa ta bayan kafaɗata, har ta fara cewa a je Yankari kawai a shiga Wikki a dawo.

Hajiya Mai Koko: A'a kar ta fasa, ai gani ya kori ji. Ku zo yamma wajenmu. Ni a Takoradi aka haife ni, nan na yi aure, nan nake sana'ata. Ka hau mota a tashar Kaneshie, ka yi asubanci don ka tsere wa cunkoson Kasoa, kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne zuwa Takoradi. Daga nan ka nemi motar Agona Nkwanta, daga Agona tasi zai sauke ka Busua. Ƙauyen masunta ne na Ahanta, gaɓar ta lanƙwasa kamar ƙwarya, ga wani ɗan tsibiri a gaba ana ce masa Abokwa da 'yan itatuwan kwakwa a kansa. Yashin a shimfiɗe yake, za ka yi ta tafiya cikin ruwa bai wuce gwiwarka ba. Duk ƙasar nan in ana lissafin inda ruwa ya fi sauƙin shiga, Busua na ciki. Ban ce ka saki yara ka kama danna waya ba. Teku ba ta da amana ko a ina. Amma can ne nake kai jikokina.

Abin da na fi so ma ba wankan ba ne. Ka fito bayan sallar asuba ka tarar ana jan taru. Tun da duhu kwale-kwale ya kai shi ciki ya zagayo, sai maza su yi layi biyu a kan yashi suna jan igiya suna waƙa, taku ɗaya baya, taku ɗaya baya, na ƙarshe yana naɗe igiyar. Sai a yi awa biyu ana abu ɗaya. Kowa ya ga dama ya kama, ba a hana baƙo. Jikana ya taɓa kamawa, tafin hannunsa ya yi jawur, da tarun ya fito aka ba shi ƙananan kifi uku a leda, ya hana kowa taɓawa har muka dawo gida. Mata kuma na tsaye da manyan kwanoni a ka, kafin kifi ya daina motsi an gama ciniki. Sai dai kar ka fito ran Talata ka ce na yi maka ƙarya, ranar masunta ba sa shiga teku, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, ranar gyaran taru ce.

Ɗan Nima: Hajiya ta fara tallan garinsu. Awa biyar ko shida a mota da yara fa, ga hanyar ba ko'ina ne da kyau ba.

Hajiya Mai Koko: Wanda ya taso tun daga Kano awa biyar ce za ta gagare shi?

Ɗalibin Cape Coast: Maganar allo kuwa, Baban Ummi, faɗuwa ta zo daidai da zama, don Busua ita ce cibiyar abin a Ghana. Akwai samarin garin da suka buɗe wuraren koyarwa a bakin ruwan, su ba ka hayar allo su haɗa ka da mai koya maka. Kokrobite ma ana yi. Manyan igiyoyi sun fi zuwa da damina, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, lokacin ƙwararru ke nan. Disamba da Janairu, lokacin da hazon hunturu ke saukowa har bakin teku, ruwan ya fi kwanciya, kuma shi ɗan koyo yake so. Za a fara da kai a kan yashi, ka kwanta rub da ciki a kan allo, ka yi ta koyon miƙewa tsaye a zabure ɗaya. Allon 'yan koyo dogo ne mai laushi, da igiya a ɗaure a ƙafarka don kar ya gudu ya bar ka. Sannan a shiga da kai inda ruwa yake iya ƙugu, a jira kumfar igiyar da ta riga ta fashe, a tura ka. Ni ranar farko sau ɗaya na tsaya, shi ma bai fi a ƙirga uku ba, amma na yi ihu kamar an ba ni kujerar Makka. Washegari haƙarƙarina da kafaɗuna kamar an yi mini dukan kawo wuƙa. Ka sa riga, allon yana goge ciki.

Abban Walid: In akwai tumbi fa?

Baban Ummi: Abban Walid ban son neman magana.

Malam Na Zariya: Tunda iyali ne bari in sa baki ta ɓangarena. Kar a ji ruwan da gishiri a yi shakkar alwala da shi. An tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da teku, ya ce ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. A mazhabarmu ta Malikiyya har ƙaguwa da jatan lande babu laifi, sai dai in rai bai so ba. Alƙibla kuma ba wuya: a gaɓar Ghana in ka fuskanci teku kudu kake kallo, to gabas na hagunka, ka ɗan karkata arewa kaɗan. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jira, a fito da yara daga ruwa tun da haske.

Bintun Maraɗi: Malam ƙaguwa dai? Ni ko kyauta.

Mai Shago Ashaiman: Kowa ya ja yamma, an manta da gabas. Ada Foah fa? Wajen kilomita 100 daga Accra, ka bi ta Tema, ka je ka dawo a yini ɗaya in ka so. Nan kogin Volta yake shiga teku. Akwai wani zirin yashi da za ka tsaya, hannun nan kogi lumui kamar a faranti, hannun nan teku tana hauka. A ɗauke ku a kwale-kwale a zaga da ku tsibirai, in an yi sa'a a watannin nan kunkurun teku na fitowa da dare su haƙa yashi su yi ƙwai. Ga matar da ke son natsuwa babu kamarsa. Sharaɗi ɗaya, kar ku taka jirgin kowa sai ya ba kowa rigar kariya, har yaran. In ya ce babu, ku nemi wani.

Ɗalibin Cape Coast: Ada na da kyau, amma ɓangaren tekun ba na wanka ba ne sam, gaɓar a tsaye take, igiya a kan yashi take fashewa. Ɓangaren kogi kuma a tuna ruwan Volta an san shi da tsargiya, musamman can sama wajen tafki inda ruwa ke kwance da ciyayi. Ni dai yaro ya hau jirgi ya sha kallo, wanka a bari sai Busua.

Mai Shago Ashaiman: Wannan gaskiya ne. Kuma in ka ƙara gaba zuwa Keta za ka ga abin tausayi, teku na cin garin. Tsohon sansanin da 'yan Denmark suka gina a 1784 ruwa ya rushe wani sashe nasa. A Nuwamban 2021 igiya ta shiga ƙauyukan yankin, dubban mutane suka rasa matsuguni. Masana na cewa tun da aka datse Volta a Akosombo a 1965 yashin da kogin ke kawowa gaɓa ya ragu, ga kuma masu kwasar yashin gini.

Ɗan Nima: Tunda ana faɗin gaskiya, ni ma bari in faɗi tamu. Kar ka kai su bakin ruwan Jamestown da niyyar wanka. Ka je ka ga hasumiyar fitila da jiragen masunta, shi ke nan. Duk ledar Accra ta magudanar Odaw take bi ta faɗa Korle ta fito teku, ga tsummokaran gwanjon da suka yi kwantai a kasuwar Kantamanto, sai ka ga sun murɗe sun zama kamar igiya sun nutse cikin yashi. Bayan ruwan sama har Labadi abin yake kaiwa. Shi ya sa a Disamba ya fi dama, babu ruwan sama sosai.

Hajiya Mai Koko: Allah Ya yi maka albarka, yau ɗan Accra ya faɗi laifin Accra. Mu ma muna da namu, wata ciyawar teku ja-ja da ke taruwa a gaɓar yamma wasu lokuta, in ta ruɓe wari kamar ƙwai ya lalace. Ka sa ɗan kawunka ya kira masaukin ya tambaya kafin ku taso.

Tsohon Direba: Ni roƙona ɗaya. Hanyar Takoradi ta Cape Coast da Elmina take bi, kar ka wuce ba ka tsaya ba. Ginin Elmina Turawan Fotugal suka yi shi a 1482, yana nan tsaye fari fat a bakin ruwa, ƙasansa ɗaruruwan jiragen masunta masu fenti kala-kala. Na shiga sau ɗaya. Aka kai mu ɗakunan ƙarƙashi inda ake tara bayi kafin jirgi ya zo, babu taga sai 'yar kafa, har yau akwai wani wari da ban san da me zan kwatanta shi ba. A sama kuma ga ɗakin gwamna iska na kaɗawa, ga wurin ibadarsu. Aka nuna mana 'yar ƙofar da ake fitar da su, mutum ɗaya take ci, shi ma sai ya sunkuya. Abin da ya tsaya mini a rai, da yawan waɗanda aka bi da su ta nan daga arewa aka gangaro da su, ta kasuwar Salaga, Salagar nan dai ta Gwanja da kakanninmu ke zuwa sarin goro. Na fito na kasa cin abinci ranar.

Bintun Maraɗi: Baba wannan ai ba wurin kai yaro ɗan shekara shida ba ne. Hutu aka zo.

Tsohon Direba: Ƙaramin ya tsaya a fili da uwarsa ya kalli igwa da jirage. Mai shekara tara ta shiga, ta isa ta riƙe.

Bintun Maraɗi: Ni dai da 'yata ce sai ta ƙara girma.

Baban Ummi: Wannan sai mun je ƙofar na ga idonta. To ga yadda na tsara, ku gyara mini. Kwana biyu a Accra, mu yi Juma'a a babban masallacin Kanda, Litinin da hantsi mu leƙa Labadi don kar Ɗan Nima ya yi fushi. Sai mu kama hanya, mu kwana ɗaya a Elmina, uku a Busua, mu dawo. Ada sai wani jiƙon. Abinci fa? Yarana in ba tuwo ba sai a hankali.

Ɗan Nima: Juma'a zuwa Litinin ai kwana huɗu ne Alhaji, sake lissafi. Abinci kuwa gida ka zo. Waakye da ka ji ana faɗa shinkafa da wake ce, sunan ma namu ne. Tuo zaafi tuwo ne da zafinsa. Koko da ƙosai kuwa har sunan Hausa koko ake kiransa a duk ƙasar. Ka dai gwada dokunu da soyayyen kifi da shito, wato miyar yajinsu, amma ka ɗanɗana shiton kafin ka ba yaro. Nama ka saya a zango, a bakin ruwa ka tsaya a kifi.

Baban Ummi: Assalamu alaikum, Maman Ummi ce, na karɓi wayar. Na gode muku duka. Labadi an cire, a yi haƙuri, Juma'a muna idar da salla washegari sai hanya. Hajiya don Allah ni da wane kaya zan shiga ruwan? Dogon hijabi nake sawa har ƙasa.

Hajiya Mai Koko: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki shiga da dogon hijabi ko zani, in ya jiƙe nauyi yake yi ya naɗe ƙafa, igiya ɗaya ta kayar da ke. Ki sa wando mai kauri, da riga mai dogon hannu zuwa gwiwa, da ƙaramin hijabi da ba ya yawo. Babban ki ajiye shi a jaka a bakin yashi, kina fitowa ki zura. Ki tafi da sassafe ki yi can ƙarshen gaɓar inda babu rumfuna, ba mai kallonki sai ƙaguwa. In kun sauka Takoradi ku yi mini magana ta akwatin saƙo, kokonku na wuyana. Shi kuma maigidan ki tabbata wayarki na da caji ranar da zai hau allo, zauren nan na jiran bidiyo.